Kwana Uku Babu Filas

Ba a taɓa yin hannu a layin masu gyare-gyare irin hannun Mai Agogo ba, kuma waɗanda suka san aikin sun ce da wuya a sake yi. Mutum ne da zai ɗauki notin da bai fi ƙwayar yashi ba da bakin hantsaki, ya zaunar da shi a raminsa yana yi maka hira, bai ko dubi wurin sau biyu ba. An kawo masa agogon da ya kwana uku a rijiya, ya tashe shi. An kawo masa wanda mota ta taka, ya juya shi ya ce a dawo jibi. Wani dattijo ya taɓa rantsuwa cewa in aka ɗora kofi cike da ruwa a bayan hannun nan, sai dai ruwan ya ƙafe, amma ɗigo ba zai zuba ba. Duk wannan gaskiya ne, daga ƙarfe goma na safe. Kafin goma, hannun ba ya iya saka maɓallin riga.

Shi ya sa shagon ba ya buɗewa sai goma. Masu kawo gyara sun ɗauka tsari ne na mutumin da ya san darajar lokaci.

Shi ne na biyu a ɗakinsu. Wansa ya yi karatu har ya shugabanci makaranta, sunan Hedimasta ya bi shi har bayan ritaya. Shi kuwa yana aji huɗu ya sauke agogon bangon ajinsu ya kwance shi don ya ga abin da ke ƙara a ciki. Aka kore shi na mako guda. Da ya dawo ya haɗa agogon, ya ci gaba da tafiya daidai, abin da bai taɓa yi ba tun da aka rataye shi. Ubansu ya duba lamarin, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran agogo a bakin tasha. A wurin tsohon ya koyi abu biyu. Na farko ya ciyar da shi shekara arba'in. Na biyu, tsohon yana kiransa maganin rawar hannu, kuma da gaske yana maganinta, sai dai shi ne yake kawo ta.

Shagonsa bai fi faɗin ƙofarsa ba. Akwai teburi mai saman gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo, da gwangwanayen notuna da batir. A bango akwai agogo goma sha ɗaya da masu su ba su dawo ɗauka ba, kowanne da ra'ayinsa game da lokaci. A ƙarƙashin teburin kuma akwai filas ɗin shayi mai ruwan ƙasa. Ba wanda ya taɓa ganin tururi ya fita daga bakinsa.

Matarsa, wadda tun haihuwar fari ake kira Uwar Biyu, ta gano abin a wata na huɗu da aurensu. Ta yi kuka, ta yi fushi na mako guda, ta roƙe shi, ya yi alkawari, alkawarin ya kai har washegari da hantsi. Daga nan ta yanke shawarar da ta riƙe shekara talatin da ɗaya: tunda ba ta iya hana shi ba, za ta hana a sani. Ita ta sayo filas ɗin. Shi yakan tafi can ƙarshen gari sau ɗaya a mako, wai sayen batir da gilasan agogo, ya dawo da kwali a kafaɗa. Ita ke juye giyar a filas kowace safiya, ta ɗauraye kwalbar, ta naɗe ta a tsumma, ta yar a bola mai nisa in za ta kasuwa. Ba ya tangaɗi, ba ya zagi, ba ya duka, bai taɓa kwana a waje ba. Abinci ne dai yake taɓawa kamar wanda aka ce ya ɗanɗana gishiri. Tagwayen suka girma, suka yi aure, suka bar gari, a saninsu ubansu mutum ne mai son shayi.

A duk duniya, mutum ɗaya take tsoron ya ji, Hedimasta. Dogo ne, rigarsa kullum da karin guga, yana magana kamar ɗalibai ɗari uku ne a gabansa ko da kai kaɗai ne. In ya ce “gidanmu”, sai ka ji kamar gidan yana da tuta. Ranar aurenta shi ya ce mata, “Ga ƙanena nan, amana na ba ki.” Irin maganar da ake yi ce a wuce, amma ita ta ɗauke ta da hannu biyu. A ganinta, ranar da Hedimasta ya ji, ranar ta ci amana, kuma mijinta ba zai ƙara iya ɗaga ido a gaban wansa ba.

Wata Litinin aka kira Mai Agogo ya duba agogon wani ofis da ke rataye sama da ƙofa. Mai ofishin ya roƙe shi ya zo ƙarfe takwas, kafin ma'aikata su cika. Ya yi masa maganar da ladabi sosai, Mai Agogo ya ji kunyar cewa a'a. Ya kuma ji kunyar shiga ofishin mutane da wari a baki, don haka ya fita bai taɓa filas ba. Ya hau tsani, ya miƙa hannu, hannun ya yi abin da ya saba yi kafin goma. Agogon bai faɗo ba. Shi ya faɗo, ƙashin cinyarsa ya karye.

A asibiti aka ba shi gado a ɗakin maza, ɗaki mai gado ashirin da labulen da ba ya kai ƙarshen sandarsa. Wata nas ta zo da kati tana tambaya da ƙarfi, don ɗakin da hayaniya. A gidansu kuwa, in babba yana wuri, shi ke amsa tambaya, ko da ciwon a jikin wani yake.

“Yana da ciwon sukari?”

“Babu,” in ji Hedimasta.

“Hawan jini?”

“Ba ma yinsa.”

“Yana shan taba? Giya fa?”

Hedimasta ya cire tabarau. “'Yata, dubi furfurar nan tukuna. A gidanmu? Rubuta a'a, ki ja layi a ƙarƙashi.”

Nas ɗin ta rubuta, ta ja layi, don ba kullum ake samun wanda ya san abin da yake so ba. Uwar Biyu ta dubi ƙasa. Mai Agogo ya dubi silin.

Hedimasta ya kafa kujera a gefen gadon, da jaridarsa, daga safe har a kori masu dubiya. Babu hanyar da filas zai bi ya shigo. Da farko hankalin Uwar Biyu ya tashi, daga baya ta ga alheri a ciki. Ga shi a kwance, ƙafa a ɗaure, ba inda za shi. Abin da ta kasa a shekara talatin da ɗaya, tsani ya yi a safiya ɗaya. Tunani ne mai kyau, kuma kowa zai iya yinsa. Abu ɗaya ne ba ta sani ba. Giya danne jijiyoyi take yi, jikin da ya saba da ita kullum kuma yana turowa sama da ƙarfi don ya daidaita. In aka janye dannewar rana ɗaya, turowar ba ta tsayawa. Da mijinta yana cikin hayyacinsa da ya ce kamar agogo ne da aka wana har ƙarshe, sannan aka zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi.

Ranar farko zufa ta karyo masa, hannu yana kaɗawa, zuciya tana tashi, ya yi amai sau biyu. Hedimasta ya ce zafin karaya ne, shi ma ya ji haka shekarar da ya gurɗe. Can da la'asar Mai Agogo ya jawo gefen mayafin matarsa, ya yi ƙasa da murya.

“Uwar Biyu, shayina.”

Kunnen Hedimasta ya yi shekaru yana kama raɗar bayan aji. “Shayi kawai? Mutum yana kwance a hana shi shayi?” Ya tashi da kansa ya je bakin ƙofar asibiti ya sayo, mai zafi, da madara. Mai Agogo ya karɓa da hannu biyu, rabi ya zube a zanen gado, rabin ya sha yana kallon wansa da godiyar da ba ta kai ido ba.

Rana ta biyu bai ci komai ba, bai runtsa ba, ƙarar faɗuwar cokali sai ta sa ya zabura. Bayan azahar ya ƙame, idanunsa suka juye, duk jikinsa ya shiga jijjiga. Hedimasta ya ɗauko cokali zai cusa masa a baki, nas ta ƙwace, ta ce ba a sa wa mai jijjiga komai a baki, aka karkata shi gefe gwargwadon yadda ƙafar ta bari. Abin bai kai minti biyu ba. Likitan ɗakin ya zo da sauri, matashi ne mai ƙwazo. Ya sa aka auna sukari, aka ɗebi jini don zazzaɓi, aka yi hoton kai tunda faɗuwa ya yi. Babu abin da ya nuna dalili.

“Ya taɓa yin farfaɗiya?” in ji likita.

“Ba ma yinta a gidanmu.”

Likita ya duba kati, ya ga a'a da layi a ƙarƙashi, ya wuce zuwa wani tunanin. An yi masa allura guda, ya ɗan yi barci, aka ɗage tiyatar da aka sa washegari. Uwar Biyu ta buɗe baki sau biyu a ranar. Duk sau biyun Hedimasta ya juya shafin jarida, ta rufe.

Ranar Laraba Sista ta dawo daga hutu. Ita ce babbar nas ta ɗakin, shekararta ashirin da shida a cikinsa, gajera, mai takalmin roba, da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Ta tarar da mutane sun taru a gado na bakwai. Mai Agogo yana tsintar wani abu a kan zanen gado da yatsu biyu, zufa ta jiƙe matashin kai, jikinsa zafi rau.

“Ku kama su! Ku kama su, notunan mutane ne! Ga su can suna shiga ƙarƙashin bargo, da ƙafafunsu!”

Yana neman sauka a kan karyayyiyar ƙafar, maza biyu suna riƙe da shi. Wata mai jinyar gadon kusa ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, a kai shi gida. Hedimasta ya ce zazzaɓi ne ya hau kai, kuma in ba za a iya ba a faɗa masa, ya san wasu wuraren.

Sista ta ratsa mutanen. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta yi minti guda tana kallo. Sannan ta kama wuyan hannunsa tana duban agogonta. Bugun ya haura ɗari da talatin.

“Baba, ina muke yanzu?”

“Shago mana. Ke kuma wa ya ce ki shigo bayan teburi?”

“Yau wace rana?”

“Ki tambayi bango, ga su can duk suna komawa baya.”

Ta ɗaga yatsa ta ce ya bi shi da ido. Idon ya bi, amma yana fizga. Ta ɗauki katin ta karanta, ta tsaya a kan layin, sannan ta ƙirga a yatsunta: Litinin, Talata, Laraba.

“Malam,” ta ce da Hedimasta, “a taimaka a karɓo mana hoton ƙafar nan a ɗakin hoto. Mutanen can ba sa jin maganar kowa sai wanda ya iya tsawa.”

Hedimasta ya ninke jarida. “Za su ji tawa.”

Da ya fita ta juya ga Uwar Biyu. “Yaya, zo ki taya ni ninke zannuwa.”

Ɗakin ajiyar zannuwa ƙarami ne, yana warin sabulu, mutum biyu sun cika shi. Sista ta tura ƙofa da ƙafa, ta miƙa mata gefen zane ɗaya, ta riƙe ɗaya. Sai da suka ninka sau biyu ta yi magana.

“Yaushe ya sha na ƙarshe?”

“Shan me, Sista?”

“Ban tambaye ki ko yana sha ba. Wannan jikinsa ya riga ya ba ni amsa. Rana nake so, da lokaci, da yawan abin.”

Uwar Biyu ta ƙanƙame zanen. “Yayansa...”

“Yayansa yana ɗakin hoto, layin can kuma na san tsawonsa. Ki saurare ni. Abin da ke jikin mijinki yana kisa, kuma yau ba giyar ce za ta kashe shi ba, rashinta ne. Maganin yana cikin kabad ɗin can, taku goma daga nan. Amma magani ne mai nauyi, da yawa kuma za a ba shi. Ina so in je wa likita da magana tsayayya, ba zato ba, tunda kati ya ce a'a har da layi. Ke kaɗai ce za ki goge layin nan.”

Daga ɗakin maza ana jiyo muryar Mai Agogo yana cewa a rufe ƙofa kada su fita titi.

“Lahadi,” in ji Uwar Biyu. “Bayan magariba.”

“Nawa yake sha?”

“Filas ɗaya a rana. Wani lokaci da rabi.”

“Mai ƙarfin?”

“Mai ƙarfin.”

“Tun yaushe?”

“Na same shi da ita.”

“Ya taɓa dainawa?”

“Sau ɗaya, kwana biyu. Ya yi ta karkarwa, na ɗauka zazzaɓi ne. Da ya koma sai ya warke.”

“Abinci fa?”

“Tsuntsu ya fi shi ci.” Sai a lokacin hawayen suka zo. “Sista, in je in kawo filas ɗin? Ba nisa.”

“A'a. Muna da abin da ya fi shi, kuma namu muna iya auna shi.”

“Don Allah kada yayansa ya ji.”

“Ni nas ce, Yaya, ba mai shela ba. Ajiye zanen, dama a ninke yake.”

Likita ya saurara, ya dubi katin. “Amma na duba, Sista. An rubuta a'a.”

“Kati abin da aka gaya masa yake faɗa, likita. An tambayi mutum a gaban gado ashirin da yayansa. Ni ma a'a zan ce.”

Bai yi gardama ba, ya soke layin da biro, ya rubuta abin da ya kamata. Daga nan abubuwa suka tafi da sauri kuma ba hayaniya, irin ta mutanen da suka san hanya. Aka tura gadon zuwa ƙaramin ɗaki kusa da teburin nas-nas, mai taga da haske, inda babu masu ba da shawara. Aka yi masa allurar diyazifam, mai kwantar da jiki, ta jijiya, aka jira 'yan mintuna, Sista ta duba, aka ƙara. Abin da ake nema, in ji ta, shi ne ya kwanta ya yi barci, amma irin barcin da in an kira shi zai buɗe ido. Tana ƙirga numfashinsa bayan kowace allura, tukunyar iskar numfashi tana jingine a bango ko da za a buƙata. Wani ma'aikaci ya kawo bandeji ya ce a ɗaure hannayen a jikin gado. Ta ce ya mayar, wanda ke ganin abin tsoro in ka ɗaure shi ƙara masa kake yi.

Wata ƙaramar nas ta zo da ledar ƙarin ruwa mai sukari, tunda kwana biyu bai ci ba. Sista ta ɗaga hannu.

“Bitamin tukuna, ko su shiga tare. Ɗauko tiyamin.”

Ta yi bayanin tana zuƙo allurar, don ƙaramar ta ji, Uwar Biyu ma ta ji. Mutumin da ya daɗe yana sha ba ya cin abinci, wannan bitamin yana ƙarewa a jikinsa. In aka yi ta zuba masa sukari babu shi, ƙwaƙwalwa ce ke biya: ido ya rikice, tafiya ta karkace, mutum ya tashi bai iya riƙe abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce ba, wani lokaci har abada. Fizgar idon nan da ta gani ce ta sa ba ta son jira. Aka ɗebi wani jinin don a ga gishirin jikinsa, aka tarar wasu sun yi ƙasa, aka ƙara su a cikin ruwan. Aka rataye takarda a ƙarshen gadon, kowace awa ana rubuta rawar hannu, da zufa, da bugun zuciya, da zafin jiki, da ko ya san inda yake. Takardar ce ke faɗin ko za a ƙara allura ko a dakata.

Uwar Biyu ma an ba ta aiki. Sista ta ce ta zauna inda zai gan ta, duk sanda ya firgita ta gaya masa abu huɗu, da kalmomi iri ɗaya, ba ƙari.

“Malam, kana asibiti. Yau Laraba. Ƙafarka ce ta karye. Ni ce Uwar Biyu.”

“To notunan fa?”

“Kana asibiti. Yau Laraba.”

Hedimasta ya shigo da hoton a ƙarƙashin hammata, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya ya tambayi sunan ciwon.

“Jijiyoyinsa ne suka tashi, Malam, muna kwantar da su,” in ji Sista.

Ya gyaɗa kai, ya ce dama abin da ya yi zato ke nan.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Ranar Alhamis Uwar Biyu ta canza kalma ɗaya a cikin huɗun nan, ta ci gaba. Zafin jikin ya sauka, ya ɗan hau, ya sake sauka. Tazarar da ke tsakanin allurai ta fara tsawo, daga baya aka koma ƙwaya, ana ragewa kaɗan-kaɗan. Ranar Juma'a da hantsi Sista ta sunkuya tana gyara masa robar ƙarin ruwa, ya buɗe ido, ya ƙura wa agogon ƙirjinta.

“Sista, wannan naki yana baya da minti huɗu.”

“Ina muke, Baba?”

“Asibiti mana. An gaya mini ya fi sau ɗari.”

Ta miƙe ta ce da likita ya rubuta cewa ya dawo. Mako na gaba aka yi tiyatar, bayan an gaya wa mai sa barci gaskiyar abin da zai sa wa barci.

Kafin a sallame shi Sista ta shigo ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar Hedimasta, wanda aka aika karɓo sandar dogarawa.

“Baba, dainawa kam ka daina, da taimakon tsani. Ci gaba da dainawar shi ne aikin, kuma ba naka kai kaɗai ba ne. Akwai likitan da aikinsa ke nan, za ka riƙa ganinsa duk mako biyu. Ga ƙwayar bitamin, kullum. Ka ci abinci kamar mutum.”

“To, Sista.”

“Saura ɗaya. In ka koma, ba zan zage ka ba, na ga waɗanda suka fi ka taurin kai sun koma. Amma in ka koma kuma ka so dainawa, kada ka rufe kanka a ɗaki ka ce yau na bari. Ka zo nan mu sauke ka a hankali. Wanda ya taɓa yin jijjigar nan, zagaye na biyu yakan fi na farko muni.”

“Ni da na ga noti yana tafiya da ƙafarsa,” in ji Mai Agogo, “ai ba sai an yi mini wa'azi ba.”

“Kowa haka yake cewa ranar sallama. Ranar Talata ta sama nake son ganinka.”

Ya je ranar Talatar, ya je wadda aka sa masa bayanta. Hannun ya yi makonni yana rawa, har ya fara tunanin sayar da kayan aikin. Daga baya ya lafa, ba kamar da ba, amma yana kama noti, kuma yanzu ba ya duba lokaci kafin ya kama. Ya yi ƙiba kaɗan. Yana ɗingishi in an yi sanyi. Wata goma sha huɗu ke nan bai sha ba, kuma likitansa, wanda ba ya son manyan kalmomi, ya ce abin yana tafiya.

Uwar Biyu kuwa har yau tana ganin kalmomin nan uku da ta faɗa a ɗakin zannuwa su ne abu mafi nauyi da ta taɓa ɗagawa, kuma ba ta yi kuskure ba. Ta zaɓi ran mijinta, ta saki asirin da ta yi rabin rayuwarta tana riƙo, Allah kuma ya haɗa ta da mace mai riƙe baki. In Hedimasta ya zo gaisuwa takan shimfiɗa masa, ta kawo ruwa, ta sunkuyar da kai. Shi kuma yakan yaba mata a gaban kowa, ya ce samun mace irinta sai an tona. Takan ji daɗi, ta kuma ji ɗan nauyi a ƙirji, na wanda ake yabo a kan abin da ba a sani ba.

Ranar Larabar nan, da Hedimasta ya dawo daga ɗakin hoto, bai wuce kai tsaye ba. Ya tare Sista a baranda, lokacin an riga an yi allura ta biyu. Ya cire tabarau, ya yi ƙasa da murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba. Ya ce mata ƙanensa yana sha tun yana ɗan shekara goma sha tara, shi da kansa ya goyo shi gida sau biyu kafin ya yi aure. Ya roƙe ta kada matar ta ji, don baiwar Allah ce, ba ta san komai ba.